Gidan Kwali Da Ƙwan Fitila Ba Shi Ne Kimiyya Ba



Duk wanda ya taɓa halartar bikin baje kolin kimiyya a makarantun firamarenmu, musamman masu zaman kansu, ya san abin da ake jerawa a kan tebura. Gidan kwali mai hawa biyu, an shafe shi da fenti, an saka masa 'yan ƙwayayen fitila masu kamawa da batir. Fanka ta gwangwani. Mota mai tafiya da kanta. Tsaunin yumɓu mai aman kumfa. Iyaye na ta ɗaukar hoto, shugaban makaranta na murmushi, babban baƙo na yaba hazaƙar yara. Amma matsa kusa da yarinyar da ke tsaye a bayan gidan kwalin, ka tambaye ta me ya sa fitilar ke mutuwa idan an cire waya ɗaya. Za ta karanto maka jimloli uku na Turanci da aka haddatar da ita. In ka sake tambaya, sai ta koma farkon haddar. Kowa a wurin ya san mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ne ya haɗa wayoyin, kafinta ya yanka kwalin, uba kuma ya biya kuɗin. Ba dai mai faɗa.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: aikin kimiyya na ɗan firamare tambaya ce da yaro ya yi da bakinsa, ya gwada da hannunsa, ya rubuta amsarta da alƙalaminsa. Duk abin da ya rasa waɗannan ukun ado ne, komai kyansa. Kuma muna ganin wannan magana ta shafe mu marubuta fiye da yadda muke zato, domin fiye da rabin wannan aiki rubutu ne.

Al'adar baje kolin kimiyya ta yara a Amurka ta yi ƙarfi, inda aka yi gasar farko ta ƙasa baki ɗaya a birnin Filadelfiya a 1950. Daga can muka aro ta, har da allon kwali mai ninki uku da tsaunin da ake zuba wa ruwan tsami ya yi kumfa. A Najeriya muna da ƙungiyoyin JETS a makarantu, muna kuma da darasin kimiyya tun daga ajin farko. Aro ba laifi ba ne. Matsalar ita ce mun ɗauko fatar mun bar naman. Abin da gasar ke nema tun asali shi ne yaro ya koyi yadda ake gano gaskiyar abu ba tare da ya dogara da "an ce" ba. Mu kuwa mun mayar da ita gasar wanda ubansa ya fi sanin masu sana'a.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai yara ne, a bar su su ji daɗi. Abin da ke ciki babba ne. Yaron da aka ɗora wa kyauta a kan aikin da bai yi ba ya koyi darasi a ranar, kuma ba zai manta da shi ba: ana iya sa suna a kan gumin wani a ci riba, manya kuma su tafa. Wannan darasi shi ke girma ya zama satar amsa a ɗakin jarrabawa, ya zama sayen kundin digiri, ya zama satar fasaha da muke ta kuka da ita a tsakaninmu, inda mutum zai kwashe labarin wani ya canja sunayen taurari ya ce nasa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da ya tanƙwara shi ta karkace shi ma tun yana ɗanyen ya yi.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin kayan aiki: makarantunmu ba ɗakin gwaji, ba na'urori, ba wutar lantarki. Gaskiya ne babu. Sai dai mu tuna da Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan maginan tukwane. Da randa biyu, da yashi, da ruwa, da tsumma ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tare da kyautar dala 75,000. Abin da ya yi shi ne ya saka ƙaramar randa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Rahotannin aikinsa sun nuna gautan da kan lalace cikin kwana 3 yana kaiwa kwana 27 a cikin wannan randa. Kakanninmu sun daɗe da sanin ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Abin da ya ƙara a kai shi ne ya tsaya ya gwada, ya ƙirga kwanaki, ya iya faɗa wa duniya adadi.

Bari mu ɗauki wannan randa mu ga yadda yarinya 'yar aji biyar za ta mayar da ita aikin kimiyya na gaske, daga farko har ƙarshe, cikin mako shida.

Makon farko na tambaya ne, kuma shi ya fi kowanne wuya. "Zan yi aiki a kan randa" ba tambaya ba ce, take ne kawai. "Me ya sa randa ke sanyaya ruwa?" tambaya ce, amma amsarta a littafi take, ba sai an gwada ba. Tambayar da ake nema ita ce wadda za a iya amsa ta da ƙirge ko awo: "Shin tumatir zai fi daɗewa bai ruɓe ba a randa mai jiƙaƙƙen yashi fiye da randa mai busasshen yashi? Da kwana nawa?" Ku lura da yadda jimlar ta ƙuntata, ta ambaci abin da za a gwada, da abin da za a kwatanta shi da shi, da abin da za a ƙirga. Kowane marubuci ya san wannan aiki. Shi ne bambancin mai cewa "zan rubuta labari a kan aure" da wanda ya san wace mace ce, a wane gida, me take so, wa ya tare mata hanya.

Mako na biyu na bincike ne da hasashe. Ta tambayi kakarta, ta tambayi maginin tukwane, ta tambayi malaminta, ta duba littafi. A nan za ta ji cewa jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ja zafi daga abin da yake jingine da shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki idan iska ta kaɗa. Zafin da yake ja ba kaɗan ba ne: abin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar abin da ake bukata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara a kai ta ga tafasa. Da wannan sani sai ta rubuta hasashenta, ta sa kwanan wata, tun kafin ta taɓa tumatir ko ɗaya: "Ina zaton na jiƙaƙƙen yashi zai fi daɗewa." Rubuta hasashe kafin gwaji shi ke hana mutum ya zo daga baya ya ce dama na sani.

Mako na uku da na huɗu na gwaji ne, kuma doka ɗaya ce ke riƙe da shi: a canja abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Tumatir talatin daga kwando ɗaya, masu nuna iri ɗaya, marasa tabo. Goma a randa biyu mai jiƙaƙƙen yashi, goma a randa biyu mai busasshen yashi, goma a faifai a buɗe. Randunan girmansu ɗaya, duka a inuwa ɗaya, a wuri mai iska. Idan ta ajiye ɗaya a ɗaki ɗaya a tsakar gida, ko ta zuba wa ɗaya nunannen tumatir ɗayar kuma ɗanye, to duk sakamakon da ya fito ba wanda zai iya cewa yashi ne ya jawo shi. Wannan ita ce adalcin gwaji, kuma yaro ɗan shekara goma yana gane ta da wuri, domin ya san ba a tseren gudu wani da takalmi wani a kan ƙaya.

Kullum safe, da azahar, da yamma ta sa ma'aunin zafi a kowane wuri ta rubuta abin da ya nuna. Ba irin na asibiti ba, wanda aka yi don zafin jiki. Na bango ake nema, kuma guda ɗaya ya ishi aji guda su riƙa karɓa-karɓa. In ma bai samu ba, ƙirgen tumatir ɗin da ya yi laushi ko ya ruɓe kowace rana ya isa. Ta riƙa ƙara wa yashi ruwa sau biyu a rana, ta rubuta kofi nawa ta zuba. Ranar da ta manta, ta rubuta cewa ta manta. Ranar da akuya ta ture faifai ta cinye uku, ta rubuta. Wannan littafi mai datti, mai goge-goge, mai tabon ruwa, shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da mai gyaran rediyo ba zai iya sayar wa kowa ba.

Akwai wani abu da za ta iya cin karo da shi wanda ya fi kyauta daraja. Randar nan ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Da damina, iska cike da laima, ruwa ba ya bushewa da sauri, sanyin sai ya ragu. Yarinyar da ta yi gwajinta a watan Agusta tana iya samun bambanci kaɗan, ko ma danshi ya sa tumatir ɗinta ya yi funfuna. A nan ne ake gane tarbiyyar da muke ba yara. Uba mai son kyauta zai ce ta gyara lambobin su dace da abin da littafi ya ce. Malami na ƙwarai zai ce ta rubuta abin da ta gani, sannan ta tambayi kanta me ya sa. Hasashen da bai tabbata ba ba asara ba ce. Ya buɗe mata tambaya ta biyu, ta sake gwadawa a watan Janairu ta kwatanta.

Mako na biyar ta tattara lambobinta a jadawali, ta zana su a hoto mai sanduna don ido ya ga bambanci nan take, ta rubuta kammalawa cikin jimloli kaɗan: abin da na tambaya, abin da na zata, abin da na yi, abin da na gani, abin da zan canja in zan sake. Mako na shida ne kaɗai na allo da fenti da koyon bayani a gaban mutane. Mu kuwa mun saba juya tsarin, sai ana saura kwana biyu a fara gudun neman kwali da gam. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tumatir ba ya ruɓewa da sauri don gasa ta matso.

Randa misali ɗaya ce kawai. Ɗakin girkin kowace uwa cike yake da irinta. Ruwan zoɓo idan aka matsa masa lemun tsami jansa na ƙara haske, idan aka zuba masa ruwan kanwa sai ya yi duhu ya karkata wajen kore. Da wannan kaɗai yaro zai iya jera tsamiya, nono, ruwan toka, ruwan sabulu da ruwan rijiya, ya raba masu tsami da masu kanwa-kanwa, ya kuma gane dalilin da ya sa mahaifiyarsa ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Dakakken ƙwayar zogale yana tattara laka a ruwa mai dauɗa ya kwantar da ita ƙasa, dabarar da matan karkara a Sudan suka daɗe suna amfani da ita. Tambayar yaro ita ce ƙwaya nawa ke isar lita ɗaya, tare da gargaɗin cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu, don haka ba a sha. Sanda da aka kafa a tsakar gida, a riƙa auna inuwarta kowace awa, za ta nuna wa yaro lokacin da inuwa ta kai maƙurar gajarta ta fara tsawo, wato zawalin da yake ji a darasin fiƙihu. Wake a ɗaki mai duhu da wake a taga. Zanen da ke fitowa daga rijiyar karofin Ƙofar Mata da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar wutar lantarki, ko wuta, ko wani sinadari mai haɗari, abubuwan da dama bai kamata a bar ɗan firamare ya taɓa ba.

Ba muna raina ƙira ba ne. Yaran da ke haɗa mota da karan dawa da murfin kwalba a lungunanmu injiniyoyi ne tun ba su san sunan ba, kuma wanda ya haɗa fankarsa da hannunsa ya cancanci yabo. Abin da muke cewa shi ne a ɗora masa tambaya a kai: fiffike uku ko huɗu, wanne ya fi kaɗa takarda daga nesa? Batir zai kai minti nawa? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Haka kuma ba muna cewa iyaye su naɗe hannu ba. Aikin uba ne ya sayo randa, ya riƙe wuƙa, ya tuna wa yarinya lokacin awo. Aikin uwa ne ta tambaye ta "ta yaya kika sani?" har sai ta iya amsawa. Iyakar ita ce alƙalami: kada babba ya karɓe shi. Alƙalan gasa ma in suna so su kashe kasuwar gidan kwali cikin shekara ɗaya, hanya mai sauƙi ce. Su fara neman littafin rubutu kafin su kalli allo, su yi wa yaro tambayar da ba ta cikin hadda, su kuma bar shi ya amsa da Hausa in da ita ya fi iya bayani.

Wannan batu na harshe shi ya kawo mu ƙofar gidanmu. Yaron da ke tunani da Hausa, aka ce sai da Turanci zai yi bayani, dole ya koma hadda. An gwada wannan a ƙasar nan tun tuni: a shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara darussan firamare da Yarbanci, har da kimiyya da lissafi, kuma ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Amma ko yau malami ya ce zai yi hakan da Hausa, wane littafi zai ɗauka? Magabatanmu sun fara wannan aiki. Tun kafin samun 'yancin kai Abubakar Imam da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, suna bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausar da kowa ke ganewa. Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Mu da muka zo bayansu, muke da waya da intanet a hannu, muke fitar da labari shafi ɗari biyar a kan kishiya da uwar miji, mun bar wannan fili kusan fayau.

Ba cewa muke kowa ya bar labarin soyayya ba. Cewa muke a cikinmu akwai malaman firamare, da ma'aikatan jinya, da ɗaliban kimiyya, da iyaye mata da ke zaune da yara kullum, kuma kowannensu zai iya rubuta shafi biyu da za su kai yaro daga tambaya zuwa amsa. Wanda ya gwada zai tarar atisaye ne mai tsanani ga alƙalami. Bayanin gwaji ba ya karɓar "ɗan kaɗan" ko "zuwa wani lokaci"; sai ka ce cokali nawa, minti nawa. Ba ya karɓar tsallake, domin yaro zai bi abin da ka rubuta daki-daki, in ka manta mataki ɗaya aikinsa ya lalace. Ba ya karɓar kalmar da kai kanka ba ka fahimta ba. Kuma ba ya karɓar abin da ba ka gwada ba: kafin ka ce wa yaro zoɓo zai canja launi, ka tashi ka jiƙa zoɓo ka gani, ka rubuta launin da idonka ya gani da sunan da Bahaushe ke kiransa. Marubucin da ya saba da wannan horo, ranar da ya koma ƙagaggen labari za a ga bambanci a yadda yake siffanta kasuwa, da asibiti, da fuskar mutum.

Masu ƙagaggen labari ma da nasu rabon. Ina labarin yarinyar da hasashenta ya ƙi tabbata saura mako guda gasa, yayanta na ce mata ta canja lamba ba wanda zai sani? Ina labarin yaron makarantar gwamnati da ya zo da randa da tsohon littafi, aka ajiye shi kusa da mai gidan kwali na dubban nairori? Akwai tsoro a ciki, akwai kunya, akwai jarabawar gaskiya, duk abin da labari ke bukata.

Don haka ga abin da muke roƙo a wannan mako. Kowa ya zaɓi tambaya ɗaya daga tsakar gidansu, wadda yaro ɗan aji huɗu zuwa shida zai iya amsawa da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun talaka ba. Ya nemi ɗa, ko ƙani, ko ɗan maƙwabta su yi gwajin tare, yaron na riƙe da alƙalami. Sannan ya rubuta yadda ake yi da Hausa mai sauƙi, ya miƙa wa wani yaron daban ba tare da ya ƙara masa bayani da baki ba. In yaron ya iya bi har ƙarshe, rubutun ya yi. In ya tsaya a hanya, wurin da ya tsaya nan ne gyara yake. Idan mutum ashirin a cikinmu suka yi haka, mun samu littafin da malamin firamare a Gumel, ko Maraɗi, ko zangon Kumasi zai iya buɗewa gobe da safe ya yi aiki da shi.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kuma yi wa alƙalumanmu jagora. Sai mun ji daga gare ku.